Mutuncin Sojan da Ya Ji Rauni da Gyaran Halin Masu Kula da Shi: Darasi daga Asibitin Walter Reed

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake mu'amala da sojan da ya ji rauni bayan an ceto ransa, da hanyar da ta dace a bi wajen gyara likita ko ma'aikacin jinyar soja da ya kauce wa ladubban aikinsa. An gina nazarin a kan abin kunyar da aka bankaɗo a asibitin sojan Walter Reed na Amurka a 2007, tare da waiwayen abin da ya faru a Sisili a 1943. Maƙalar ta kafa hujja cewa wulaƙancin da sojan da ke jinya yake gamuwa da shi yana samun gindin zama ne saboda mai yi masa magani shi ne kuma na gaba da shi a muƙami, don haka gyara ba zai yiwu ba sai an buɗe wa majinyaci ƙofar koke wadda ba ta bi ta hannun wanda yake kuka da shi.

Gabatarwa



A 2004 likitan tiyata Atul Gawande ya wallafa wani nazari a mujallar New England Journal of Medicine, inda ya nuna cewa a Yaƙin Duniya na Biyu kusan kashi 30 cikin ɗari na sojojin Amurka da suka ji rauni mutuwa suke yi, a yaƙin Biyetnam kashi 24, amma a Iraƙi da Afganistan adadin ya sauko zuwa kusan kashi 10. Wannan nasara ce ta likitancin fagen fama, sai dai ta zo da nauyin da ba a shirya masa ba. Matasan da a da za a binne su a filin daga yanzu suna dawowa da rai, babu ƙafa, babu ido, ko da tabo a ƙwaƙwalwa, kuma suna bukatar kulawar watanni ko shekaru. Tsayar da jini aikin mintuna ne. Zama da mutumin da ya rasa gaɓa har ya koyi tafiya da ƙafar roba, ya karɓi haƙƙinsa, ya koma cikin iyalinsa, aiki ne mai tsawo da ba ya jawo lambar yabo, kuma a cikin wannan tsawon ne halin ma'aikaci yake fitowa fili.

Abin da aka gani a Walter Reed

Ranar 18 ga Fabrairu 2007 jaridar Washington Post ta fara buga rahoton Dana Priest da Anne Hull, waɗanda suka shafe watanni suna shiga asibitin suna zama da majinyata da iyalansu. Walter Reed shi ne babban asibitin sojan ƙasa na Amurka a lokacin, a cikin birnin Washington, kuma shugabannin ƙasa kan kai ziyara ɗakunansa a gaban 'yan jarida. Rahoton bai zargi aikin tiyata da komai ba. Inda ɓarnar take shi ne wajen sojojin da aka sallama daga gado amma ba a sallame su daga asibiti ba, su kusan 700, waɗanda ke jiran magani ko jiran hukuncin kwamitin da zai ce su koma aiki ko a yi musu ritaya.

An ajiye wasunsu a wani tsohon otal da ke tsallaken titi, wanda ake kira Gini na 18. Bangonsa ya yi fumfuna baƙa, akwai kashin ɓera da kyankyasai, a wani ɗaki ma rufin banɗaki ya ruɓe har ana hango bahon wanka na bene. Hotunan wannan gini su suka fi tayar da hankalin jama'a, amma ni abin da ya fi damuna a rahoton ba bango ba ne. Wani saje da aka harba a ka a Iraƙi, ya rasa ido ɗaya, an sallame shi daga gado bayan 'yan kwanaki, aka miƙa masa taswirar harabar asibitin aka ce ya nemi masaukinsa da kansa, alhali yana cikin magagin magani da raunin ƙwaƙwalwa. Daga nan ya yi makonni babu wanda ya neme shi. Rahoton ya ce soja kan cike takardu 22 ya kai su ofisoshi takwas, takardun kuma su ɓace a sake cikewa. An ɗora wa sojoji masu rauni alhakin kula da 'yan'uwansu masu rauni. Wanda ya makara wajen fareti saboda maganin barci sai a yi masa tsawa kamar lafiyayye.

Koke-koken ba sababbi ba ne. Ɗan majalisa Bill Young da matarsa Beverly sun daɗe suna kai ƙorafi ga shugabannin asibitin, kuma mujallar Salon ta yi rahotanni tun 2005. Laftanar Janar Kevin Kiley, wanda ya shugabanci asibitin daga 2002 zuwa 2004 kafin ya zama shugaban likitocin rundunar, gidansa yana kallon Gini na 18. Tun 2005 kuma an sa asibitin cikin jerin wuraren da za a rufe, an miƙa aikin gyare-gyare ga ɗan kwangila, ma'aikatan da suka san wurin suka ragu ƙwarai.

Martanin farko da ya biyo bayan rahoton shi ne ya fi nuna ciwon. Jaridar Army Times ta ruwaito cewa an umarci majinyatan su riƙa tashi da ƙarfe shida na safe, a duba ɗakunansu ƙarfe bakwai, kuma kada su sake magana da 'yan jarida. Wato waɗanda aka zalunta su aka fara ladabtarwa. Sai da Sakataren Tsaro Robert Gates ya sa baki aka sauke kwamandan asibitin, Manjo Janar George Weightman, ranar 1 ga Maris, Sakataren Rundunar Sojan Ƙasa Francis Harvey ya ajiye aiki washegari, Kiley kuma aka tilasta masa ritaya cikin watan. Weightman bai wuce wata shida a kan kujerar ba, don haka ana iya cewa ya ɗauki laifin da ya gada. Shugaba Bush ya kafa kwamiti ƙarƙashin Bob Dole da Donna Shalala, wanda ya miƙa rahotonsa a watan Yuli, jaridar kuma ta sami lambar Pulitzer a 2008.

Majinyacin da ba ya iya cewa a'a

Farar hula idan nas ta ci masa fuska yana iya ɗaukar katinsa ya koma wani asibiti, ko ya ɗaga murya, ko ɗan'uwansa ya shiga ofishin shugaban asibiti. Soja ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kurtu ne ko kofur, likitansa kyaftin ne ko manjo, matar da ke wanke masa ciwo tana iya zama hafsa. An horar da shi tun ranar da ya shiga Depo ya ƙame ya ce to. Musu da na gaba laifi ne a dokar soja, barin asibiti ba izini laifi ne, yi wa 'yan jarida magana laifi ne, ƙaryar ciwo ma laifi ne da za a iya tuhumarsa da shi. Sa hannun likitan nan ne zai yanke ko za a mayar da shi fagen fama, ko nawa za a ƙiyasta nakasarsa, wanda daga nan fanshonsa da abincin 'ya'yansa suke. Wa zai kai ƙarar mutumin da ke riƙe da wannan alƙalami?

Shi ma likitan soja iyayen gida biyu yake yi wa hidima. Rantsuwarsa ta likita tana ce masa majinyaci ne a gaba, kakinsa kuma yana ce masa ya mayar da mayaƙa bakin aiki ya kuma yi tsimin dukiyar runduna. Yawancin lokaci buƙatun biyu suna tafiya tare. Inda suka rabu, nan ake samun likitan da ke kallon kowane majinyaci a matsayin mai neman zillewa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, likita Lewis Yealland a Landan yana sa wa sojojin da firgicin yaƙi ya ɗauke musu magana lantarki har sai sun yi magana, a daidai lokacin da W. H. R. Rivers a Craiglockhart yake zama da irinsu yana sauraron su. A 2012 aka gano cewa wata tawagar likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin sojan Madigan ta soke sakamakon sojoji da dama da aka riga aka tabbatar suna da ciwon firgici bayan yaƙi, kuma an ji ɗaya daga cikin likitocin yana tunatar da abokan aikinsa irin kuɗin da wannan sakamako yake jawo wa gwamnati. Da aka sake dubawa, an mayar wa da yawa daga cikinsu da sakamakonsu na farko.

Doka ba ta bar wannan a duhu ba. Sashe na 12 na Yarjejeniyar Janiba ta Farko ta 1949 ya wajabta a mutunta mai rauni a kare shi, kuma ya ce lalurar magani ta gaggawa ce kaɗai za ta sa a gabatar da wani kafin wani. Tun kafin nan Dominique Larrey, likitan rundunar Napoleon, ya kafa ƙa'idar fara duba wanda rauninsa ya fi tsanani ba tare da duba muƙami ba. Mun saba karanta waɗannan dokoki a kan fursunan abokan gaba, muna mantawa cewa namu sojan ma yana ƙarƙashin inuwarsu.

Sisili, 1943

Akwai wani tsohon misali da ya kamata likitocin soja su riƙa alfahari da shi. A ranakun 3 da 10 ga Agusta 1943, Janar George Patton ya shiga asibitocin tanti biyu a Sisili, ya tarar da sojoji biyu da ba su da raunin da ido ke gani, ya mare su ya kira su matsorata a gaban majinyata. Daga baya aka gano na farkon yana fama da zazzaɓin cizon sauro da atini. Likitocin ba su yi shiru ba, sun rubuta rahoto. Kwafin da ya bi layin kwamandoji ya tsaya a hannun Janar Omar Bradley, wanda ya kulle shi a akwati. Kwafin da ya bi layin likitoci ya isa ga babban likitan Janar Eisenhower, kuma ta nan ne aka umarci Patton ya ba sojojin biyu haƙuri, da ma'aikatan asibitin, da rundunoninsa. Rahoto ɗaya ne, hanya biyu ya bi, ɗaya ta mutu ɗaya ta kai. Da hanya ɗaya ce tak, da babu wanda ya ji labarin sai a raɗe-raɗin bariki.

Yadda ake gyara ma'aikaci

Sauke janar biyu da sakataren runduna bai canza yadda ake yi wa kurtu magana ba. Bayan 2007 rundunar Amurka ta kafa rukunonin kula da masu jinya, inda kowane soja yake da likita, da nas mai bin lamarinsa, da shugaban sashe. Tsari ne mai kyau, amma a 2010 New York Times ta kawo koken sojojin irin wannan rukuni a Fort Carson, a 2014 kuma binciken Dallas Morning News ya tattaro ƙorafin cin mutunci daga rukunonin da ke Texas. Ana iya sake gini cikin shekara guda. Hali kuwa sai an bi shi mutum bayan mutum.

Abu na farko da shugaba zai yi shi ne ya tantance me yake gabansa, domin abubuwa uku ne suke kama da juna daga nesa. Akwai ma'aikacin da bai iya ba, ba a taɓa koya masa yadda ake gaya wa saurayi ɗan shekara ashirin da biyu cewa za a yanke masa ƙafa ba. Akwai wanda ya iya amma ya ƙone, ya yi shekaru yana karɓar gawarwakin abokansa, shi kaɗai a ɗaki mai gado talatin, ba hutu ba kayan aiki, har zuciyarsa ta bushe. Akwai kuma mai mugun hali, wanda ke jin daɗin ikon da yake da shi a kan wanda ba ya iya tashi. Na farko horo yake so, na biyu hutu da ƙarin hannu da likitan da zai duba shi ma, na uku hukunci. Shugaban da ya haɗa su a kwando ɗaya zai kori mutanen kirki ya bar azzalumin da ya iya fadanci.

Gerald Hickson da abokan aikinsa a Jami'ar Vanderbilt sun nuna cewa kaso mafi yawa na koken majinyata yana taruwa ne a kan tsirarun likitoci, kuma sun tsara matakan gyara. Karo na farko abokin aiki ne, sa'ansa, zai ja shi gefe su yi magana ta 'yan mintuna: ga abin da aka ji, ba a zo yanke hukunci ba, amma a sani an gani. Idan abin ya maimaitu sai a ajiye masa bayanan a gabansa, a nuna masa inda ya bambanta da takwarorinsa. Idan bai daina ba shugabansa ya shiga da rubutaccen shiri da wa'adi. Daga nan sai ladabtarwa. Sun gano cewa mafi yawa suna gyaruwa tun a matakan farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma tsarin soja, mai son rubuta komai da bin mataki, ya fi kowane tsari dacewa da wannan.

Ina da sharaɗi guda a kan wannan tsari idan za a kawo shi bariki. Maganar sirri tsakanin abokan aiki ta dace da tsawa, da gatsali, da barin majinyaci yana jira. Ba ta dace da duka ba, ko hana maganin ciwo don horo, ko tona asirin majinyaci, ko karɓar kuɗi kafin a sa hannu a takardar kwamiti. Waɗannan kai tsaye suke tafiya wurin hukunci. Haka kuma idan babba ya ga ana wulaƙanta majinyaci a gabansa, to a nan take zai tsayar da abin, cikin natsuwa, ya ce wa ma'aikacin ya same shi a ofis, sannan ya juya ya ba majinyacin haƙuri da bakinsa. Kada ya zagi ma'aikacin a gaban jama'a, domin wanda aka ci wa mutunci da safe shi zai huce a kan majinyaci da dare. Amma kada ya wuce kamar bai gani ba, domin duk ɗakin yana kallo, kuma shirunsa izini ne.

Wasu za su ce wannan duk maganar ladabi ce, soja kuwa an san shi da kaushi. Bincike bai goyi bayansu ba. A 2008 hukumar Joint Commission mai tantance asibitocin Amurka ta fitar da gargaɗi cewa tsoratarwa da cin fuska a asibiti suna jawo kurakuran magani. A 2015 Arieh Riskin da abokansa suka gwada tawagogi 24 na masu kula da jarirai a Isra'ila, suka tarar waɗanda aka yi wa magana ta rashin ladabi sun fi yin kuskure wajen gane cuta da wajen aiki. Majinyacin da ke tsoron nas ba zai gaya mata cewa ciwon ya fara wari ba, kuma wanda aka kira rago ba zai faɗa wa kowa cewa yana tunanin kashe kansa ba.

Abin da ya shafe mu

Tun 2009 Nijeriya take yaƙi a arewa maso gabas, ga kuma fagen arewa maso yamma, Nijar da Chadi da Kamaru ma suna kwashe nasu masu raunin daga yankin Tafkin Chadi. Nakiyar da ake binnewa a hanya tana haifar da irin raunukan da aka gani a Iraƙi: yankewar gaɓa, kurumta, girgizar ƙwaƙwalwa. Daga asibitin Runduna ta 7 a Maiduguri ake tura masu tsananin rauni zuwa asibitin 44 a Kaduna ko na 68 a Yaba. Likitoci da nas-nas ɗin da ke waɗannan wurare suna aiki cikin matsi, kuma mutane da yawa suna raye yau saboda su. Kawo darasin Walter Reed nan ba zargi ba ne a kan kowa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma idan abin ya faru a rundunar da ta fi kowace kuɗi a duniya, babu rundunar da za ta ce ta fi ƙarfinsa.

Tarbiyyarmu ma tana ƙara wa shirun kauri. Yaron da ya tashi a Gumel ko Zuru ko Maraɗi an koya masa haƙuri da kunya da ɗaukar ƙaddara, an ce masa namiji ba ya raki. Idan matarsa ta zo daga ƙauye jinya, ba ta jin Turanci, ba ta san ofishin da za ta shiga ba, kuma tana tsoron kada maganarta ta jawo wa mijinta. Duk wanda zai auna ingancin asibitin soja da ƙarancin koke a irin wannan al'umma, yaudarar kansa yake yi. Sai an je an tambaya, da harshen da mutum yake ji, ba a gaban wanda ake tambaya a kansa ba.

Dokokin da za a tsaya a kansu suna nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba majinyaci haƙƙin sanin halin da yake ciki da haƙƙin a rufa masa asiri, an kuma ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata a 2018. Likitan soja yana riƙe da lasisin Majalisar Likitoci ta Nijeriya, wadda take da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa, nas kuma tana ƙarƙashin Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma, kuma kaki bai cire kowa daga ikon waɗannan majalisu ba. Dokar Rundunonin Soja ta haramta zaluntar na ƙasa, ta kuma tanadi hanyar neman gyara. Matsalar ita ce hanyar tana hawa ne ta kan tsanin muƙami, irin wanda ya kulle rahoton Sisili a akwati.

Muna kuma da abin koyi da ya riga Larrey da shekaru fiye da dubu. Littattafan sira sun kawo cewa da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Khandaƙ, Annabi (SAW) ya sa aka kwantar da shi a tantin Rufaida mai jinyar masu rauni da ke cikin masallaci, domin ya riƙa duba shi daga kusa. Shugaba ya ajiye mai rauni inda idonsa zai riƙa kaiwa kullum. Yarima Harry ya ziyarci asibitin 44 a watan Mayun 2024, manyanmu ma sukan je lokacin Sallah da kuma gab da ranar tunawa da mazan jiya ta 15 ga Janairu. Ziyara ce mai kyau, sai dai ziyarar da aka sanar da ita ba ta ganin komai sai abin da aka share domin ta.

Don haka roƙona ga manyan hafsoshinmu shi ne a naɗa wa kowane asibitin soja wakilin majinyata wanda ba ya ƙarƙashin kwamandan asibitin, mai jin harsunan sojojin da iyalansu, wanda rahotonsa zai tafi kai tsaye zuwa hedikwatar tsaro, kuma a rubuta a doka cewa duk wanda ya rama a kan sojan da ya kai koke ya aikata laifin da za a gurfanar da shi. A sa yadda ma'aikaci yake mu'amala da majinyata cikin rahoton shekara da ake dubawa kafin ƙarin girma. A ba nas ɗin da ta daɗe a bakin daga hutun da ya kamace ta. Ku kuma ranku ya daɗe, kwamandojin asibitoci, ku riƙa shiga ɗakin kurata da dare ba tare da sanarwa ba, ku sallami masu rakiya, ku zauna a gefen gado ku tambayi yaron yaushe rabon da a wanke masa ciwo da kuma yadda aka yi masa magana lokacin da ake wankewa.